Shin Ko Kun San? Ƙofar Shiga Kwamfuta da Makullinta

A Azagor, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Dakoro a jihar Maraɗi, kamar sauran garuruwan manoma da makiyaya, ba kowa ke da kwamfutar kansa ba. Duk inda aka samu guda, a ofis ne ko makaranta ko ɗakin shan magani, hannuwa da yawa ne ke taɓa ta. Shi ya sa yau muka tsaya a kan allon nan na farko da ke tarbar mutum da zarar ya kunna na'ura, mai tambayar suna da kalmar sirri.

Shin ko kun san wannan allo manhaja ce mai zaman kanta? Aikinta irin na mai tsaron zaure ne: ta tambayi baƙo ko shi wane ne, ta tabbatar, sannan ta buɗe masa ɗakinsa shi kaɗai. Daga shigarka har fitarka, na'ura na ɗaukar wannan a matsayin zaman aiki guda, da takardunka da hoton bangonka da harshen da ka zaɓa, ba tare da sun cakuɗa da na wani ba.

Shin ko kun san tarayya a kan na'ura ɗaya ce ta haifi kalmar sirri? A farkon shekarun 1960, a jami'ar MIT ta Amurka, Fernando Corbató ya jagoranci gina tsarin CTSS, wanda ya ba mutane da yawa damar aiki da babbar kwamfuta guda a lokaci ɗaya. Don kada wani ya leƙa takardun wani, sai aka ba kowa kalmarsa.

Shin ko kun san ba a daɗe ba aka sace waɗannan kalmomi? A 1962 wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, da aka ware wa awa 4 kacal a mako, ya sa na'urar ta buga masa jerin kalmomin sirrin kowa a takarda, ya riƙa shiga da sunayen abokan aikinsa don ya ƙara lokaci.

Shin ko kun san kwamfutar kirki ba ta ajiye kalmarka yadda ka rubuta ta? Tana dagula ta da lissafin da ba ya komawa baya, ta ajiye sakamakon. Robert Morris da Ken Thompson sun yi bayanin wannan dabara ta tsarin Unix a 1979. Saboda haka in ka manta kalmarka, mai kula da na'ura sai dai ya sa maka sabuwa.

Shin ko kun san da can a baƙin allo ake shiga? Mai aiki da Unix sai ya rubuta suna da kalma, sannan ya ba da umarni kafin tagogi da hotuna su bayyana. An fara tsarin tagogi na X a MIT a 1984, kuma a 1988 Keith Packard ya rubuta XDM, wadda ta kawo allon shiga mai hoto. Magadanta a Linux su ne GDM da SDDM da LightDM. Ubuntu, wani nau'in Linux, ta koma LightDM a 2011, ta dawo GDM a 2017. A waɗannan alluna akwai ɗan maɓallin zaɓen irin teburin aiki, kuma tsohuwar na'ura mai nawa takan samu sauƙi da marar nauyi irin Xfce.

Shin ko kun san dalilin danna Ctrl da Alt da Delete tare? David Bradley na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro haɗin don sake tayar da kwamfutar da ta fito a 1981. Daga 1993, Windows NT ta mayar da shi matakin tsaro: tsarin na'urar ne kaɗai ke amsa wannan danni, don haka allon bogi da ɓarawo ya dasa don kwashe kalmomi ba zai iya tare shi ba.

Shin ko kun san kullewa daban, fita daban? Sakatare yana tsakiyar buga takardar haihuwa, sai aka kira sallar azahar. In ya danna maɓallin Windows da harafin L, allo ya kullu, aikinsa na nan yana jiransa. In malami na son shigar da makin ɗalibai kafin ya dawo, sai ya shiga da nasa sunan, abin da Windows XP ta sauƙaƙa tun 2001. Fita kuwa rufe komai ce, kuma abin da ba a adana ba yana iya salwanta. Haka nan rufe tagar Facebook ba fita daga Facebook ba ne.

Shin ko kun san barcin kwamfuta iri biyu ne? A ƙaramin barci, aikinka na cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda sai da wuta take riƙe abu. Batir na mutuwa, aikin na iya tafiya. A dogon barci, na'ura na kwafe komai a faifan ajiya ta mutu gaba ɗaya. Mai dogaro da hasken rana ko janareto, dogon barci ya fi masa.

Shin ko kun san madannai kan hana mai gaskiya shiga? A Nijar an saba da jerin AZERTY na Faransa, a Najeriya kuwa QWERTY. In madannanka AZERTY ne amma na'ura na lissafi da QWERTY, ka rubuta "azagor", abin da za ta karɓa shi ne "qwqgor", kai kuma ɗige-ɗige kawai kake gani. Duba alamar harshe a gefen allo kafin ka zargi kowa. Ka kuma guji sa ɓ, ɗ ko ƙ a kalmar sirri, domin ba kowane allon shiga ke ba da su ba.

Shin ko kun san doka ta shigo maganar? Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta, kuma a 2019 aka kafa dokar yaƙi da laifuffukan intanet. Duk abin da aka aikata da sunanka, kai na'ura ta rubuta.

Don haka, jama'a, kowa ya samu nasa suna da tasa kalma, ba sunan gari ko shekarar haihuwa ba, kuma kada a manna ta a jikin allo. Ikon mai kula da na'ura ya tsaya a hannun mutum ɗaya ko biyu amintattu. Takardun marasa lafiya da makin yara amana ce: in za ka tashi, ko na minti ɗaya ne, kulle allonka.