Littafin Mai Tsintar Takardu da Talaucin Birni

Kowace shekara bayan girbi, samari da yawa sukan ɗaure kayansu su nufi birni. Wanda ya komo yakan zo da sabuwar riga da ɗan kuɗi a aljihu, amma da wuya ya faɗi inda yake kwana, ko sau nawa ya wuni bai sa kome a baki ba. Kunya takan hana shi. Saboda haka labarin birni da ke isa ƙauye rabi ne kawai. Sauran rabin yana cikin waɗansu littattafai da aka rubuta a kan zaman matalauta a manyan birane. A wannan fitowa za mu duba ɗaya daga cikinsu, wanda wata mace ta rubuta a ƙasar Burazil, cikin Amurka ta Kudu.

Wace ce ta rubuta shi?

Sunanta Carolina Maria de Jesus. An haife ta a 1914 a wani ƙaramin gari mai suna Sacramento, cikin jihar Minas Gerais. Baƙar fata ce, daga zuriyar bayin da aka kai can daga Afirka, gama sai a 1888 Burazil ta hana bauta. Shekara 2 kaɗai ta yi a makaranta, amma ta koyi karatu da rubutu, ba ta kuwa sake su ba har mutuwarta.

Da ta girma ta tafi babban birnin Sao Paulo, ta yi aikatau a gidajen masu hali. A 1948 ta yi ciki, aiki ya ƙare mata, wurin kwana kuma ya tafi tare da aikin. Sai ta koma wata unguwa mai suna Canindé a bakin kogin Tietê, ta kafa bukka da tsofaffin katakai da kwano da kwali. Irin wannan unguwa mutanen Burazil suna ce da ita favela. A can ta yi renon 'ya'ya 3 ita kaɗai. Sana'arta ita ce bin titi tana tsintar takardu da ƙarafa da kwalabe, ta kai a auna a biya ta. In ta tsinci littafin rubutu da ke da sauran shafi, sai ta ajiye shi. A cikin waɗannan take rubuta abin da ya same ta kowace rana.

A 1958 wani ɗan jarida, Audálio Dantas, ya zo unguwar neman labari, ya ga rubutun nata. Ta hannunsa aka buga littafin a 1960 da harshen Fotugis, da suna Quarto de Despejo, watau ɗakin shirgi. A ganinta birni kamar gida ne: tsakiyar gari ita ce ɗakin baƙi, unguwarsu kuwa ita ce ɗakin da ake jibge abin da ba a so a gani. Kofe 10,000 na bugun farko sun ƙare cikin 'yan kwanaki. An juya shi cikin harsuna fiye da 10, na Turanci ya fita a 1962 da suna Child of the Dark.

Me littafin ya nuna?

Na ɗaya, matalaucin birni ba shi da rumbu. Manomi ko yana cikin rashi yakan san abin da ya rage masa na dawa, ya san watan da za ta ƙare. Carolina kuwa abincin yau daga tsintuwar yau yake fitowa. Shafi bayan shafi lissafi take yi: ga abin da ta samu, ga kuɗin burodi, ga na wake, ga na sabulu. Ranar da aka yi ruwan sama ba ta iya fita tsinta, ranar nan tukunya ba ta hau wuta ba ke nan. Littafin ya fara ran 15 ga Yuli, 1955, ranar tunawa da haihuwar 'yarta. Ta so ta saya mata takalmi, kuɗin abinci ya hana, sai ta tsinci waɗansu a juji ta wanke ta gyara.

Na biyu, ruwa wahala ne. Kowace safiya sai ta ɗauki garwa ta bi layi a famfon unguwa, inda mata da yawa ke jira, ga gulma ga faɗa. Wanki kuwa a kogi ake yi. Babu magudanar ƙazanta, saboda haka tsutsar ciki da sauran cututtuka ba su rabuwa da yara.

Na uku, yunwarsu ba ta rashin abinci a gari ba ce. Kantuna cike suke, har ana zubar da wanda ya lalace. Ta ba da labarin wani yaro da ya ci naman da ya tsinta a juji, kashegari aka iske gawarsa. Ta kuma ce a wata mayanka ana zuba magani mai wari a kan naman da aka zubar don kada matalauta su ɗiba. Wannan shi ne abin da masana ke kira rashin daidaito: ƙoshi da yunwa suna zaune a titi ɗaya, kuɗi ne kaɗai ya raba su.

Na huɗu, ƙasar da suke zaune a kai ba tasu ba ce. Wanda bai san ranar da za a tashe shi ba, ba zai gina ɗaki mai ƙarfi ba, ba zai haƙa masai mai kyau ba. 'Yan siyasa kuwa, in ji ta, lokacin zaɓe kaɗai ake ganinsu. A farkon shekarun 1960 hukuma ta rushe Canindé, yanzu babbar hanyar mota ce ta bi bakin kogin nan.

Ba a Burazil kaɗai ba

Akwai waɗansu littattafai da suka faɗi irin wannan game da waɗansu birane. A 1890 Jacob Riis ya buga How the Other Half Lives, da hotunan cunkoson gidajen haya na New York a Amurka, ya kuwa taimaka wajen ta da hankalin jama'a har aka kafa sabuwar dokar gidajen haya a 1901. A 1973 Meja Mwangi na Kenya ya rubuta Kill Me Quick, labarin samari biyu da suka yi makaranta suka zo birni neman aiki, suka ƙare suna cin abin juji. A 2012 Katherine Boo ta buga Behind the Beautiful Forevers bayan ta yi fiye da shekara 3 tana bin zaman mutanen Annawadi, kusa da filin jirgin saman Mumbai a Indiya. Da Hausa ma akwai Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fita a 1978, a kan saurayin da ya bar ƙauye ya shiga birni. Sunan littafin kansa ya isa gargaɗi.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana gane irin wannan unguwa da alamu 5: rashin ruwa mai tsabta, rashin masai mai kyau, ɗaki mara ƙarfi, cunkoso, da rashin tabbacin cewa ba za a tashe mutum ba. Bisa ga lissafinta, mutum fiye da biliyan 1 ne ke zaune haka a duniya. A Burazil kaɗai, ƙidayar 2022 ta iske mutum fiye da miliyan 16 cikin favela.

Ƙarshen labarinta

Littafin ya fid da Carolina daga Canindé a 1960. Ranar da ta tashi, waɗansu maƙwabta sun jefe ta da duwatsu domin ta rubuta halinsu. Ta sayi gidan bulo, amma littattafanta na baya ba su sami kasuwa ba, kuɗi ya ƙare. Daga baya ta koma wata 'yar gona a Parelheiros, bayan garin Sao Paulo, tana shuka tana kiwon kaji. A can ta rasu a 1977 cikin talauci.

Kada mai karatu ya ce wauta ce ta kai ta birni. A wani littafinta, Diário de Bitita, wanda aka buga bayan rasuwarta, ta faɗi yadda ita da danginta suka yi noma a gonakin masu ƙasa, suka tashi hannu wofi. Wanda ba shi da gonar kansa, ko wanda amfaninsa ba ya kai shi baɗi, dole ya nemi mafita. Shi ya sa gyaran unguwar matalauta a birni da gyaran zaman ƙauye aiki ɗaya ne.

In ɗanku ko ƙanenku ya ce zai tafi, ku zauna da shi da wanda ya taɓa zuwa, ku yi waɗannan tambayoyi: A ina zai kwana, nawa ne kuma kuɗin haya? Nawa ake sayar da garwar ruwa? Ranar da babu aiki, me zai ci? In ya kwanta ciwo, wa zai duba shi? Wa zai riƙe masa gonarsa har ya komo? In an sami amsa, a rubuta ta a takarda da lissafinta, kamar yadda matar nan ta yi, sa'an nan a yanke shawara.