Alƙalawa: Gonar Da Ta Zama Birni, Birnin Da Ya Koma Gona

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin Gobir ya san sunan Alƙalawa, amma kaɗan ne suka san cewa a yau ƙaramin ƙauyen manoma ne a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, ba nisa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Labarin wannan wuri yana nuna mana yadda ruwa da ƙasar noma kan juya akalar tarihi.

Yanayin Ƙasa

Alƙalawa tana cikin kwarin gulbin Rima, wanda ke gangarawa ta Goronyo ya haɗu da gulbin Sakkwato, daga bisani ruwansu ya faɗa kogin Kwara. Damina a wannan yanki gajeriya ce, daga watan Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa rani ne. Ƙasar wurin iri biyu ce. Akwai jigawa, mai yawan yashi, wadda ba ta riƙe ruwa, ita ce ake shuka gero da wake a kanta. Akwai kuma fadama, wato shimfiɗaɗɗen filin da gulbi ke malalawa idan ya cika. Ruwan yakan zo da laka mai laushi daga tudu, idan ya janye sai ya bar ta a ƙasa ta zama taki. Laka tana riƙe danshi, ga kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa a kusa, saboda haka manomi yakan samu shinkafa da dawa da damina, ya kuma yi noman albasa da sauran kayan lambu da rani. Mai fadama yana girbi sau biyu a shekara, mai jigawa sau ɗaya tak.

Tarihi

Wannan ni'ima ce ta jawo Gobirawa. Asalinsu daga Azbin suka taso, suka zauna a Birnin Lalle da ke cikin Nijar ta yau, inda fari da hare-haren Azbinawa suka matsa musu. A ƙarni na 18 sai suka riƙa kwararowa kudu cikin ƙasar Zamfara. Tarihin baka ya nuna cewa Sarkin Zamfara ya sauke su a gonar alƙalinsa, daga nan ne sunan Alƙalawa ya samo asali. Da baƙi suka yi ƙarfi, sai Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi a cikin shekarun 1760, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir mai ganuwa. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki.

Birnin bai daɗe ba. A shekarar 1804 aka fara jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma a ƙarshen wannan shekara aka gwabza yaƙin Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda jama'ar Shehu suka yi asarar mutane masu yawa. A watan Oktoba na 1808 rundunar Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawa suka watse, daga baya suka kafa Tsibiri a Nijar da kuma Sabon Birni. Da sarauta ta tashi, sai fili ya koma hannun masu fartanya.

Abin Lura

Ganuwa ta zube, fadama kuwa tana nan tana ciyar da jama'a. Sai dai tun wajen shekarar 2020 hare-haren 'yan bindiga sun hana manoma da yawa a yankin Sabon Birni zuwa gonakinsu, kufan birnin kuma ruwan sama da noma suna cin sa sannu a hankali. Ya kamata malamai su sa ɗalibai su binciki ƙauyukansu: ina ruwa yake, wace irin ƙasa ce, me sunan garin yake nufi? Su tambayi dattawa, su rubuta amsa tun suna da rai.