Yadda A Ke Tsara Taskar Kiɗan Turawa A Cikin Kwamfuta

Kowane malamin ofis ya san cewa takardar da aka sa cikin fayil ɗin da ba nata ba, da ita da wadda ta ɓata duk ɗaya ne. Haka al'amarin ya ke ga wanda ya tara kiɗan Turawa na gargajiya, wanda su ke kira kilasika, a cikin kwamfuta. Na taɓa shiga aji da niyyar in jiyar da ɗalibai simfoni na biyar na Beethoven, sai na'ura ta fara da babi na uku, ta tsallaka zuwa kiɗan wani mutum dabam. Ɗalibai suka yi ta dariya, darasi ya watse. Laifin kuwa ba na na'ura ba ne, nawa ne, domin ban rubuta wa kiɗan lakabinsa daidai ba.

Inda Wahalar Ta Ke

A wurinmu, idan an ce waƙar Mamman Shata ko ta Narambaɗa, an gama magana, gama wanda ya ƙaga waƙar shi ne ya rera ta. Kiɗan kilasika ba haka ya ke ba. Akwai mawallafi, wanda ya rubuta kiɗan a takarda, wataƙila ya mutu tun shekara ɗari biyu da suka wuce. Akwai ƙungiyar makaɗa da su ke kaɗa shi, da madugunsu mai ba su umurni. Sa'an nan aiki guda ya kan kasu babi babi. Simfoni na biyar ɗin nan, wanda aka fara kaɗawa a birnin Biyana cikin 1808, babi huɗu gare shi, kuma dole a ji su bi da bi.

To, lakabin da a ke liƙa wa fayil ɗin MP3, wanda a ke kira ID3, an ƙago shi ne cikin 1996 saboda gajerun waƙoƙin zamani. Na farkon harafi 30 kawai ya ke ɗauka a gurbin sunan waƙa, haka kuma a gurbin mawaƙi, ba shi da gurbin mawallafi ko kaɗan. Sai a 1998 aka fito da na biyu mai faɗi, wanda ya ke da gurbin mawallafi da na madugu. Amma har yanzu faifai da yawa su kan zo da lakabi a hargitse.

Lambobin Rajista

Abin da zai taimake ka shi ne, masana sun riga sun yi wa ayyukan manyan mawallafa rajista. Wani Ba'ostiriye mai suna Ludwig von Köchel ya jera ayyukan Mozart cikin 1862 bisa ga lokacin da aka rubuta su, daga lamba 1 zuwa 626, shi ya sa a ke sa harafin K gaban lambar. Wolfgang Schmieder ya yi wa na Bach cikin 1950, su ne masu BWV, amma shi ya jera su iri iri ne, ba bisa shekara ba. Otto Erich Deutsch ya yi wa na Schubert cikin 1951, masu harafin D. Beethoven kuwa a kan bi lambar Opus, watau "aiki" da Latin; simfoni na biyar shi ne Opus 67.

Kada ka dogara ga lambar simfoni ita kaɗai, don ta kan sāke. Simfonin da Dvořák ya rubuta a Amurka cikin 1893, da fari an buga shi da sunan na biyar, yau kuwa na tara a ke kiransa. Wanda Schubert bai ƙare ba, waɗansu na ce da shi na takwas, waɗansu na bakwai, amma D 759 ba ta canzawa.

Dokoki Biyar

Na fari, rubuta sunan mawallafi iri ɗaya kullum, sunan zuriya a gaba. Sunan Tchaikovsky, mutumin Rasha, Ingilishi da Jamusawa da Faransawa kowa da yadda ya ke rubuta shi. Idan ka bar su haka, kwamfuta za ta ɗauka mutum uku ne.

Na biyu, kada ka sa mawallafi a gurbin makaɗi. Kowa da ɗakinsa.

Na uku, sunan kowane babi ya fara da sunan aikin da lambarsa, sa'an nan lambar babin. A sunan fayil kuwa rubuta 01, 02, domin kada 10 ta riga 2.

Na huɗu, rubuta shekarar da aka ɗauki kiɗan. Glenn Gould, makaɗin piyano na Kanada, ya ɗauki aikin Bach mai lamba BWV 988 sau biyu. Na 1955 bai kai minti 40 ba, na 1981 ya haura minti 50. Makaɗi ɗaya, aiki ɗaya, in ba shekara, da me za ka rarrabe su?

Na biyar, ajiye kofe a wani wuri dabam kafin ka taɓa kome. Akwai manhaja kyauta mai suna MusicBrainz Picard wadda ta ke nemo lakabi daga intanet ta cika maka, amma idan ta yi kuskure, sai ta yi shi cikin fayil masu yawa gaba ɗaya. Saboda haka duba da idonka kafin ka yarda.

Ya ku malamai, ranar da faifai ya shigo hannunku ita ce ranar rubuta lakabinsa, tun ran gini tun ran zane. Wanda ya riga ya tara da yawa kuwa, kada ya karai, ya ɗauki mawallafi ɗaya kowane mako har ya gama. Ta haka malamin da zai gaje ka zai sami taska, ba juji ba. Allah ya sa mu dace, amin.