Ƙarar Kora Daga Aiki: Ina Ake Kai Ta, Kuma Yaushe?

 

A yankin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, wanda aka sallama daga aiki yakan fara kai kuka wurin mai unguwa ko wani babba mai faɗa a ji, in abin ya ƙi ci ya nufi majistare. Sulhu a gaban manya ba laifi. Amma shari'ar kora gidanta ɗaya ne, wato Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da aka kafa a 1976, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya danƙa wa rigingimun aiki ita kaɗai. Tana da reshe a Kano. In aka kai ƙarar wata kotu, lauyan mai gida zai miƙe ya ce ba huruminta ba ne, a watsar da ita tun ba a ji ta bakin ma'aikaci ba.

Abin da ya fi cin mutanenmu kuwa lokaci ne. Malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma sai ya karɓi takardar kora, ya shiga rubuta roƙo, yana safa da marwa tsakanin sakatariya da Dutse, kullum ana ce masa ya dawo jibi. To, akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati da ta yanke wata uku kacal na shigar da ƙara. Kotun Ƙoli ta taɓa cewa dokar ba ta shafi yarjejeniyar aiki ba, sai dai daga baya an sami hukunce-hukuncen da suka saɓa da wannan. Tunda alƙalai ma ba su gama daidaita baki ba, ni dai ban ga hikimar barin wata ukun ya wuce ba. Takardar roƙo ba ta tsayar da lissafin kwanaki.

Ga mai aiki ƙarƙashin ɗan kasuwa, Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya shekara biyar a ba shi sanarwar wata guda, wanda ya yi biyu zuwa ƙasa da biyar kuma mako biyu, ko kuɗinsu. Ta kuma wajabta ba shi takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa. Ku tambayi masu loda riɗi a Maigatari ko yaran gidajen mai, mutum nawa ke da ita? Wanda ba shi da ita ya adana saƙon shigar albashi a wayarsa da katin aiki, domin tambayar farko a kotu ita ce, wa ya ɗauke ka?