Agogo Ɗaya, Rana Dabam: Lokacin Nijeriya Da Faɗuwar Rana A Daura

Mutane da yawa a ƙasar Daura suna zaton idan agogo ya buga sha biyu, rana ta take tsaka ke nan. To, ba haka ba ne, kuma ya kamata mu san dalili, don abin ya shafi salla da azumi.

A shekarar 1884 wakilan ƙasashe suka taru a Washinton ta Amurka, suka yarda a riƙa fara ƙirgan layukan duniya daga Girinic, wata unguwa a Landan. Duniya tana juya digiri 15 cikin sa'a guda, watau minti huɗu ke nan ga kowane digiri. Tun shekarar 1919 Nijeriya take bin lokacin da ya ɗara na Girinic da sa'a guda, wanda a ke kira Lokacin Afirka ta Yamma. Nijar ma shi take bi, haka Chadi da Kamaru da Binin, shi ya sa mai haye iyaka ta Kongolam zuwa Damagaram ba ya taɓa agogonsa. Gana kuwa tana bayanmu da sa'a guda, Makka tana gabanmu da biyu. Ingila fa, da sanyi tana bayanmu da sa'a guda, in zafinsu ya zo su tura agogo gaba, mu yi daidai.

Amma ga inda maganar take. Layin da a ka auna lokacinmu a kansa, na digiri 15 ne gabas, kuma bai ko ratsa Nijeriya ba, ta wajen Injamena ya bi. Daura tana kan digiri 8 da 'yan kai. Saboda haka rana takan tsaya tsaka a Daura wajen sha biyu da minti 27, wani lokaci ta riga, wani lokaci ta makara da kimanin kwata, gwargwadon watan da a ke ciki.

Da azumi abin ya fi nauyi. Rana tana faɗuwa a Maiduguri kimanin minti 20 kafin Daura, a Sakkwato kuwa sai bayan Daura da kamar minti 12, alhali duk agogonmu ɗaya. Wanda yake Zango ko Mai'aduwa ko Ɓaure, ya ji kiran magariba ta rediyon wani gari na gabas ya kai dabino baki, ya sha ruwa rana tana sama. A ganinmu, gara kowane masallaci ya riƙe jadawalin garinsa, ladan kuma ya ɗaga kai ya dubi yamma kafin ya yi kira.