Daga gonar sukari zuwa hamadar Arizona: tafiyar 'yan cin ranin Amurka cikin hunturu

Kowace shekara, da Oktoba ta kama, kwarin Red River da ke tsakanin jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota yakan cika da baƙi. Sun zo aikin girbin wata saiwa da ake tatsar sukari daga cikinta, a wuraren tara amfanin gona na kamfanin American Crystal Sugar. Aiki ne na awa 12 a tsaye, wasu da rana wasu da dare, kuma cikin 'yan makonni an gama. Da yawansu dattawa ne da kuɗin fansho bai ishe su ba. Gidajensu na ajiye a kusa: manyan motoci masu gado da kicin da makewayi, waɗanda Amurkawa ke kira RV.

Wasu daga nan sukan zarce zuwa rumbunan kaya don hadahadar Kirsimeti. A shekarun baya, kamfanin Amazon ya daɗe yana ɗaukar irin waɗannan ma'aikata ƙarƙashin shirin CamperForce, a garuruwa kamar Campbellsville ta jihar Kentucky. Rayuwarsu ce 'yar jarida Jessica Bruder ta bibiya a littafinta Nomadland na 2017, wanda fim ɗin da aka ciro daga cikinsa ya lashe kyautar Oscar a 2021.

Sai dai an fi jin jiki bayan an karɓi albashi. Da yawansu kudu suke nufa, garin Quartzsite a hamadar Arizona, inda hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya ke ba da izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Mazauna garin ba su kai 3,000 ba, amma a Janairu motoci kan mamaye dajin iya ganin ido. Daga birnin Fargo da ke kwarin Red River zuwa can ya haura kilomita 2,500, kuma hunturu ne ke tare a tsakani.

Wanda ya bi babbar hanya mai lamba 80 ta jihar Wyoming zai hau tudun da ya zarce mita 2,600 tsakanin Cheyenne da Laramie. Iskar wannan yanki takan kifar da tirela, shi ya sa hukuma kan rufe hanyar ga motoci masu tsayi marasa nauyi, kuma RV na sahun gaba a cikinsu. Hanya mai lamba 40 ta fi kudu, amma ita ma tana ratsa Flagstaff, mai tsayin kusan mita 2,100, inda dusar ƙanƙara ke zuba sosai. Tsofaffin hannu sun fi son su gangara Texas su kama hanya mai lamba 10, ko da za su ƙara shan mai. Ita ma ba a rantse mata: sanyin Fabrairun 2021 ya daskarar da Texas, miliyoyin mutane suka kwana babu lantarki.

Cikin motar ma akwai nata yaƙin. Da zarar ma'aunin sanyi ya sauka ƙasa da sifili, ruwan da ke cikin bututu sai ya daskare, ya kumbura, ya fasa shi. Don haka kafin tashi sukan zubar da ruwan tanki kaf, su ɗura wani ruwan hoda mai hana daskarewa, su sayi na sha a jarka. Man dizal yakan yi kauri ya toshe matata idan ba a zuba masa magani ba. Na'urar ɗumama ɗaki da gas take aiki, amma fankarta batir take sha, tana iya cinye shi kafin asuba. Mafi muni shi ne hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa, wanda ke halaka mai barci idan ya kunna risho ya rufe tagogi.

Gaggawa ce ke cin ribar wannan cin rani. Kwana biyu a tashar manyan motoci ana jiran guguwa ta wuce kuɗinsa kaɗan ne. Janye mota daga rami da gyaran fasassun bututu kuwa na iya lashe abin da aka tara a girbi. Abin takaicin shi ne da aiki ya ƙare, wurin ajiye mota na kyauta da ake ba ma'aikaci shi ma yakan ƙare, wasu sansanonin arewa kuma sun riga sun rufe famfunansu tun Oktoba. Dattijo mai shekara 70 sai ya kama sitiyari a ranar da ya kamata ya jira.