Gaskiya ko Jita-jita: Shin Arnan Ƙasar Tasawa da Mayahi Sun Musanta Samuwar Allah?

A Tasawa da Mayahi, in gardama ta yi zafi a majalisa, ba a rasa mai cewa Arnan dauri ba su san Allah ba sam, itatuwa da duwatsu ne allolinsu. An daɗe ana faɗar haka har ta zauna a kunnen yara, amma jita-jita ce.

Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano kafin ya fitar da littafinsa a 1946, ya tarar sun yarda Allah ne ya halicci komai. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya yi shekaru yana bincike a ƙasar Maraɗi, shi ma ya iske sunan Allah a bakin Arna. Abin da ya raba su da Musulmi shi ne suna ganin Allah ya yi nisa da hidimar yau da gobe, don haka sai iskoki ake nema in yaro ya kwanta ko damina ta yi gardama. Maigida zai ja akuya ko zakara zuwa gindin tsamiya, kowane iska da launin dabbar da yake karɓa, a zuba jinin a ƙasa, iyali su ci naman. Wannan yanka ga wanin Allah shi malamai suka kira shirka, kuma yana cikin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soka tun kafin jihadin 1804: mutum ya ambaci Allah da baki, ya je ya yi wa dutse yanka.

To, iskokin nan alloli ne? 'Yan bori kansu ba su ce Doguwa ko Sarkin Rafi sun yi sama da ƙasa ba. Dubi iskan nan Malam Alhaji. In ya hau dokinsa, wato ɗan bori, sai mutumin ya duƙa kamar tsoho, yana tari, yana jan carbi, sanye da fararen kaya. Iskan da ke jan carbi ai ya san akwai na sama da shi.

Inda na fi damuwa shi ne zancen gaibu. Har yau mace za ta sayar da tunkiyarta ta kai wa boka, wai aljaninsa ya san wanda ya yi mata jifa. Alhali Alkur'ani, a Suratu Saba'i, ya ba da labarin Annabi Sulaimanu: ya rasu yana dogare da sandarsa, aljannu na ta aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Waɗanda gawa a gabansu ta ɓace musu, ina za su san abin da ke zuciyar kishiyarki? Gidaje nawa irin wannan duba ya raba, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Akwai kuma jita-jitar samarin zamani, masu cewa kimiyya ta gano komai, har ta yanke hukunci kan samuwar Ubangiji. Wannan ma ba haka ba ne. Kimiyya na aiki da abin da ake aunawa, kuma masu ita ba sa ɓoye iyakarsu. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, amma da lissafin yiwuwa take magana. Ba za ta ce wa manomin Kanembakashe ko Korgom ga ranar da ruwan shuka zai sauka a gonarsa ba. Hasashen na da amfani, a saurare shi a rediyo kafin a zaɓi iri.

Mai karatu, in an zo maka da tarihin kakanni, ka nemi hujja kafin ka ɗauka. Wanda kuwa ya ce ya san gobe, ya kuma nemi kuɗinka a kai, kada ka ba shi ko dala.